Rigar Uwani Mai Tsuntsaye

Zango, Faraku,
cikin watan Azumi.

Zuwa ga 'yata Uwani, a Jugu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ku cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Mushe Ibrahim malamin makaranta, da jikokina, angona Habu da ƙawata Zulai. Yaya baƙunta, yaya ibada, yaya ruwa? Allah ya sa kun sauka a sa'a, ya haɗa ku da maƙwabta na gari, ya tsare ku daga abin da ido ke gani da wanda ba ya gani. Mu nan lafiya lau muke, sai godiya.

Ranar da muka raka ku tasha, ana ɗaure kayanku a saman kamiyo, babbar motar nan, kin jawo ni gefe kin ce, "Inna, a gida yara tashi suke yi su ga ana rabon Sallah, ba sai an koya musu ba. A Jugu ni kaɗai ce, ban san kowa ba. Ta yaya zan koya musu bayarwa?" Ban kai ga buɗe baki ba shofer ya fara danna oda, aka miƙa miki Zulai ta sama, mota ta tashi. Tun ranar maganar take raina. Ga shi azumi ya raba tsakiya, kuma wannan ce Sallarki ta farko a wani gari, shi ya sa na ce bari in zauna in ba ki amsa.

Wa'azi dai na babanki ne, ni ban iya ba. Abin da nake da shi shi ne abin da ya faru a gidanmu kina ƙarama. Na san kin tuna wani sashe, amma da idon yarinya kika gani. Bari in ba ki shi da idon uwa.

Shekara ta biyu ce ko ta uku bayan an sauke tutar Faransa, ƙasar nan ana ce mata Dahome. Kina da shekara shida. Iya, mahaifiyar babanki, wadda kika ci sunanta, tana nan da ranta da sandarta da bakinta. Gidan da ke jikin namu ta gabas kuwa Larai ce a ciki da 'ya'yanta uku, babbarsu Talatu, ƙawarki da ba a ganin ɗayarku sai da ɗaya. Mijin Larai shofer ne, yana ɗaukar kaya daga gar, wato tashar jirgin ƙasa, ya kai Malanbil. Da daminar shekarar motarsa ta kife a hanya, aka kawo gawarsa. Larai ta fita takaba saura kaɗan a kama azumi.

Sai kin san Larai ta lokacin za ki gane sauran zancen. Da mijinta yana raye, daga gidanta kwanuka suke fita zuwa gidajen unguwa. Ba ta taɓa sanin yadda ake miƙa hannu a karɓa ba. Ko bayan rasuwar, in kin gaishe ta sai ta ce, "Alhamdu lillahi, komai akwai." Amma katanga ɗaya ce tsakaninmu. Wani maraicen sai in duba in ga hayaƙi bai tashi daga madafarta ba. Rigar Talatu kuma ta yage a kafaɗa, an ɗinke, ta sake yagewa.

Kina da wata riga ta atamfa ruwan ɗorawa mai zanen tsuntsaye. Ta fara yi miki kaɗan, ga sabuwa tana wurin tela ana ɗinka miki ta Sallah. Wata safiya kina makarantar allo na buɗe akwati na ɗauko ta, na miƙa wa Larai ta kan katanga. Na ce, "Ta yi wa Uwani kaɗan, kada ta lalace a ajiye." Ta karɓa, don irin wannan tsakanin maƙwabta ba sadaka ba ce. Na koma ɗaki ina jin daɗin kaina, ina cewa na yi dabara.

Kashegari da la'asar na aike ki famfon bakin titi da ɗan tulunki. Lokacin ne matan unguwa suke cika wurin, kowa na ɗiban ruwan buɗa-baki. Sai ga Talatu ta taho sanye da rigar, tana tafe tana kallon jikinta. Kika ajiye tulu, kika ruga kika cafke wuyan rigar, kina ihu, "Rigata ce! Ɓarauniya! Cire mini rigata!" Mata suka taso suna "Ke, ke, sake ta," wasu kuma suna dariya. Talatu ta fizge jikinta. Nan a gaban jama'a ta tuɓe rigar ta yar, ta rungume ƙirjinta ta gudu gida.

Kafin magariba Larai ta zo da kanta. Ta wanke rigar, ta shanya, ta goge ta da dutsen guga, ta ninke. A bakin zaure ta tsaya, ta ƙi shigowa. Ta ce, "Yaya Asabe, ga rigar Uwani. Allah ya saka da alheri. Amma 'yata ba ɓarauniya ba ce, kuma ba mu kai nan ba tukuna." Ta ajiye ta juya. Ina kiranta ba ta waiwayo ba.

Na karyo tsumagiya na yo kanki. Iya tana kan tabarmarta tana jan carbi, sai ta ce, "Asabe, wa za ki daka?"

Na ce, "Takwararki mana, Iya. Ta kunyata ni a unguwa."

Ta ce, "Kin tambaye ta kafin ki ɗauki rigar?"

Na ce, "Haba Iya, yarinya ce. Ni na sa aka ɗinka mata."

Ta ce, "To, ranar da kika ba ta, kin gaya mata aro ne?"

Na tsaya da tsumagiyar a hannuna. Ta ce, "Yarinya ta ga rigarta a jikin wata, ba wanda ya gaya mata komai. Me kike so ta zata? Ke ki kwashi lada da kayan wani, mai kaya kuma ta sha duka. Ajiye bulalar nan."

Na ajiye. Ita ta kira ki ta zaunar da ke a cinyarta, ta gaya miki yadda aka yi rigar ta je gidan Larai, ta kuma gaya miki nauyin kalmar da kika faɗa. Ta ce, "Takwara, kin jefi Talatu da abin da ya fi dutse ciwo." Kika yi ta kuka har kika yi barci ba ki ci abinci ba. Rigar kuwa ba ki sake sa ta ba, ko na fito da ita sai ki kau da kai.

Don haka abu na farko, Uwani: kada ki taɓa ɗaukar abin yaro ki bayar a bayan idonsa, ko da tsumma ne. In ya ga kayansa suna ɓacewa da sunan alheri, abin da zai koya shi ne ɓoye kaya. Sai yaro ya tabbata abu nasa ne, ba mai ƙwace masa, sannan zai iya sakinsa. Ki zaunar da shi ki tambaye shi. In ya ce a'a, ki bar shi da a'arsa, ki ba da naki yana gani.

Daga ranar nan ƙofar Larai ta rufe. Kunun da nake aika mata da buɗa-baki sai ya dawo yadda ya tafi, a ce, "Mun riga mun sha." Na aika ƙosai, ya dawo. Ke kuma kullum kina jikin katanga, wajen wata 'yar kafa da kuke magana ta ciki, kina kiran "Talatu, Talatu," ba mai amsawa. Goman ƙarshe ta shigo. Babanki ya sayo dawar zakkar kono, kuma tun farko ya yi niyyar kaso mafi yawa gidan Larai zai je. Ya ce mini, "Asabe, in matar nan ta ƙi karɓa, marayun nan da me za su yi Sallah?" Na ce ko a kai wa liman ya ba ta kamar daga masallaci. Iya ta ce, "Larai ba yarinya ba ce. Za ta gane, ta ƙara jin an zagaye ta. Ku bar ni da ita."

Abin da ta fara yi ya ba ni mamaki. Ta ce in sa miki ɗankwali za ku kasuwar Arzeke. Tsohuwar da sai ta yi wata ba ta wuce bakin zaure ba, ga azumi a bakinta. Ta kai ki rumfar masu kayan ƙyale-ƙyale ta saya miki awarwaro shida, huɗu ja, biyu kore. Kin so a ce duka ja ne, mai kaya ya ce su ke nan suka rage. Da kuka dawo, a gabana ta zura miki su a hannu ta ce, "Waɗannan naki ne, ba aro ba. Ko uwarki ba ta da iko da su. Ki yi yadda kika ga dama." Ba ta ƙara ko kalma ba, ba ta ambaci sunan kowa ba.

Kashegari da hantsi ta tsefe kanta, ta sa na tsefe naki. Ta ɗauki sanda ta kama hannunki, ta ce mini, "In an jima ki biyo mu da man kaɗe." Tana shiga gidan, ta katanga nake jin muryarta: "Larai, taimako na zo nema. Duk Zangon nan ban yarda da hannun kowa a kaina ba sai naki. Ga ni ga takwarata, kai ya zama saƙar gizo. Ki rufa mana asiri kada mu je Idi a ce daga daji muka fito." Gaskiya ta faɗa, don Larai ta iya kitso, sai dai 'ya'yanta kawai take yi wa. Kuma wa zai mayar da tsohuwa da kai a tsefe? Sai na ji an ce, "Bismilla Iya, ga tabarma."

Da na shiga da man, an gama na Iya, ke ce a tsakanin gwiwoyin Larai. Na yi sallama ta amsa a taƙaice ba ta ɗago ba. Na zauna kusa da Iya. Talatu tana can bayan turmi ta ba mu baya, tana zane a ƙasa da tsinke. Can sai na ga kin fara murza hannunki. Kika zare koren nan biyu, waɗanda da ma ba su kwanta miki ba, kika tsayar da ɗaya a ƙasa kika gara shi kamar taya. Ya tafi yana rawa har ya bugi ƙafar Talatu ya kwanta. Kika gara na biyun.

Ni kuwa baki bai bar ni ba. Na buɗe shi zan ce, "Haba Uwani, ki raba daidai mana, ki haɗa mata da ja." Iya ta mintsine ni a cinya, mintsinin da ya kwana uku yana yi mini zafi. Na haɗiye maganata.

Talatu ta dubi awarwaron, ta dubi uwarta. Larai ta cire tsinken kitso daga bakinta ta ce miki, "Wa ya ce ki ba ta?"

Kika ce, "Ba kowa. Nawa ne."

Ta ce, "In gobe kin gan su a hannunta a bakin famfo fa?"

Kika ce, "Ai na ba ta."

Larai ta gyaɗa wa Talatu kai. Talatu ta ɗauka ta zura. Ke kuma kanki yana sunkuye a hannun Larai, da 'yar murya kika ce, "Talatu, ke ba ɓarauniya ba ce." Na ga hannun Larai ya tsaya cak a kanki. Ta jawo bakin zanenta ta share ido, ta ce, "Yarinyar nan kanta duk ƙasa ne, ta shiga mini ido." Sannan ta dube ni karo na farko ta ce, "Yaya Asabe, miƙo man nan."

Ki riƙe wannan da kyau. In yaro ya ba da abu da kansa, kada ki gyara masa kyautar. Zai ba da ƙarami ya riƙe babba, zai ba da wanda ba ya so. Ba rowa ba ce, haka kowa ya fara. Da na yi magana ranar nan, da awarwaron sun zama nawa, da Larai ta sake mayar da su. Kuma kada ki tsaya kina yabonsa a gaban wanda aka ba. In kun koma gida ki ce masa, "Ka ga yadda ta ji daɗi?" Wannan ya isa. Ke ɗin nan, da Sallar ta zagayo, ba wanda ya ce miki komai kika sa babanki ya yanko yadi ɗaya aka ɗinka muku iri ɗaya ke da Talatu.

Iya ta biya ladan kitso kamar yadda ake biyan kowace mai kitso, Larai kuma ta karɓa kanta a ɗage, don guminta ne. A filin Idi mata suka yi ta tambaya wa ya yi wa Iya wannan kai, ita kuwa Iya har zame ɗankwali take yi don a gani. Kin dai san inda abin ya kai, da kitson nan Larai ta raini 'ya'yanta uku.

Saura kwana biyu Sallah babanki ya shimfiɗa tabarma zai auna zakka. Ni a da korar ku nake yi in ana awo, kada ku zubar. Shekarar sai ya ce a bar ku. Ya zaunar da ke da yayanki Sani, ya ɗora hannuwanku a kan nasa, yana cika mudu yana cewa, "Wannan na Iya ne. Wannan na Sani ne. Wannan na Uwani ne." Da aka zo naki kika ce, "Baba, nawa ina za a kai?" Ya ce, "Ina kike so?" Kika nuna gabas da baki. Kin zubar da dawa ranar, kaji sun yi Sallah tun kafin mu, amma ba wanda ya ce miki kanzil. Ki gaya wa Mushe Ibrahim ya yi haka da su Habu. Kada ya auna shi kaɗai a ɗaki yara suna barci. Abin da hannun yaro ya taɓa ba ya manta shi.

Iya ce ta koya miki abin da za ki faɗa. Ta sa aka rufe ƙwaryarki da faifai, Sani ya ɗauki buhun, ta ce ku bi ta ƙofar baya. Ta ce, "In kin shiga ki durƙusa ki gaishe ta. Ki ce, Inna tana gaishe ki, ga na Sallah. Shi ke nan. Kada ki tsaya kallon tukunyarsu, kada ki tsaya jiran godiya." Ta sa kika maimaita har kika fara ƙosawa. Na zauna a tsakar gida ina jiran ku. Jim kaɗan sai ga ku kun dawo ba buhu. Na buɗe ƙwaryarki sai na ga daddawa, ƙulli uku, a cikin ganye.

Na ce, "Wayyo, ita da ba ta da shi! Uwani, maza mayar mata." Babanki yana alwala ya ɗago ya ce, "Ki mayar, ki sake rufe ƙofar da Iya ta sha wuya ta buɗe?" Na ji kunya na karɓa. Da ita na yi miyar Sallah, kuma wallahi ban taɓa yin miya mai ƙamshinta ba. Na aike ki ki gaya mata miyar bana daddawarta ce ta gyara ta. Kika dawo kika ce Larai ta yi dariya. Rabon da a ji dariyarta tun kafin rasuwar mijinta.

Saboda haka ki koya wa yaranki karɓa kamar yadda kike koya musu bayarwa. In sun kai abu aka sako musu ko gyaɗa ce cikin kwanon, su karɓa da hannu biyu su yi godiya, ke kuma ki ci a gabansu. Yaron da kullum shi ne mai bayarwa, bai taɓa cewa "na gode" ga wanda bai kai shi ba, girman kai yake koyo ana zaton kirki ne. Kuma ki kiyayi bakinki a gabansu. Kada ki ce, "Kai wa su wane, ba su da komai." Yaro abin da ya ji a ɗaki shi zai faɗa a bakin titi, da ƙarfi kuma. Ki ce, "Kai wa su wane, maƙwabtanmu ne."

Da Babbar Sallah ta zo kin riga kin zama 'yar aiken gida, ba ki yarda kowa ya riga ki ɗaukar kwano. Kin tuna Baba Kojo, mutumin kudu mai gyaran jirgin ƙasa, wanda ya yi haya a bayan gidanmu? Babanki ya yanko tsoka mai kyau daga cinyar rago ya ce ki kai masa. Kika tsaya kika ce, "Baba, ai shi ba ya Sallah." Babanki ya ce, "Ba ya yi. Amma tun safe ƙamshin namanmu yake shiga ɗakinsa, kuma yana da 'ya'ya masu hanci irin naki." Kika kai. Da Nowel ɗinsu, wato Kirsimeti, ta zo, sai ga matarsa da kaji biyu a hannu, tana haɗa Hausa da Faransanci, wai Malam babanki ya taimaka ya yanka mata, don tana so ta aiko mana kuma ta san sai yankanmu muke ci. Haka muka yi ta yi da su kowace shekara har aka mayar da shi Kwatano. Na kawo miki wannan ne don a Jugu ma za ki zauna da mutane iri-iri, wasu ko yarensu ba ki ji. Kwano ba ya bukatar tafinta. Kada yara su tashi suna zaton alheri yana tsayawa a ƙofar masu sallah kaɗai.

Kin ce ba ki san kowa ba. To, kada ki yi gaggawar rabo. Ki nemi tsohuwa ɗaya a unguwarku mai hankali, ki riƙa kai mata gaisuwa tare da yaran, ita za ta nuna miki gidan da ake kwana da yunwa ba a faɗa. Masu bukatar gaske ba su cika zuwa ƙofa ba. Kuma ki sani mijinki mushen lekol ne, malamin makaranta, idon gari yana kanku, za a ɗauka kuna da shi fiye da yadda kuke da shi. Ranar Sallah yara za su cika muku ƙofa suna neman kyauta, suna "Barka da Sallah, kado, kado." Ki ba su Habu alewa su raba, amma hannu da hannu, suna kallon fuskar wanda suke ba. Kada ki bari su watsa a ƙasa ana wawaso suna dariya. Na taɓa ganin 'ya'yan wani babban ma'aikaci suna yin haka daga saman bene, har yau in na tuna raina ɓaci yake yi. In kuma wata shekara abin hannunku ya yi ƙaranci, kada ki fasa. Ko tuwo ne ki ƙara malmala ɗaya, ki rufe da faifai mai kyau, ki ba yaro ya kai.

Yaran naki biyu ba halinsu ɗaya ba, kada ki auna su da mudu ɗaya. Habu irin babanki ne, zai kwashe duk abin da ke aljihunsa ya bayar, an jima ya zo yana kuka. Shi sai ki koya masa ya tsaya ya yi tunani, ya san in ya bayar ya bayar ke nan, ba a zuwa karɓowa. Zulai kuwa na ji kina ce mata mai dunƙulen hannu, kina cewa ko ɓawon gyaɗa ba ta saki. Ki daina faɗin haka tana ji, kuma bari in gaya miki abin da ba ki sani ba.

Ranar da kuka tafi, da muka dawo daga tasha, gidan ya yi mini faɗi. Na shiga ɗaki zan kwanta sai na ga wani abu a tsakiyar gadona an lulluɓe shi da ɗankwalina. Na ɗaga, sai ga 'yar tsanar Zulai, ta tsumman nan mai ido ɗaya, wadda ko wanka za a yi mata sai an yi faɗa kafin ta ajiye. Na fito da ita a hannu ina cewa, "Malam, yarinyar nan ta manta 'yarta, yau ba mai barci a Jugu. A nemi mota ta gobe a aika mata." Babanki ya ce, "Ba mantuwa ta yi ba. Da kuna ɗaure kaya ta jawo ni ɗakin ta nuna mini. Ta ce, Kaka, in mun tafi ka gaya wa Inna ta riƙa goyon wannan, tunda ba ni nan ba ta da wanda za ta goya."

Na zauna a bakin gado na daɗe ban tashi ba.

Ba zan aiko da ita ba, kuma kada ki ce za ki karɓa mata in kun zo. Ki gaya wa Zulai na gani, na karɓa da hannu biyu, na gode. Ki ce mata 'yarta tana lafiya, na sa mata ido na biyu da maɓalli, kuma jiya Larai ta shigo ta same ni ina tankaɗe da ita a bayana, ta yi dariya har sai da ta dafa bango.

Kin ga ke nan ba daga farko za ki fara ba. Abin yana jikinsu. Naki kawai ki ba shi wuri, ki yi naki suna gani, ki kama bakinki a inda ni na kasa kama nawa.

Babanki yana gaishe ku, ya ce a shafa masa kan yara. Larai tana gaisuwa. Ki gaishe mini da maigidanki da kyau, ki gaishe da maƙwabtanki ko da ban san su ba. Allah ya karɓi ibadarmu, ya nuna mana Sallah lafiya. Allah ya tsare shigarku da fitarku, ya raya Habu da Zulai, ya sa hannuwansu su zama masu albarka ga na kusa da na nesa. Allah ya jiƙan Iya, ya haskaka makwancinta. Ya sada fuskokinmu da alheri.

Wassalam.

Ni ce mahaifiyarki,
Asabe.